Rairayin jigawa da zafin da teku ke kaiwa ƙarshen duniya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙarta a jigawa, ko wajen Tsibiri ko kan hanyar Dakoro, ya san abin da guga ke fitowa da shi: jan rairayi mai laushi, ba dutse ba tsakuwa, gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku, shi ne dai. Ina ɗan shekara goma aka yi mana irin wannan haƙa a bakin gona. Na dumbuzi rairayin da sanyi-sanyinsa na ce, "Baba, wa ya zuba wannan duka a nan?" Ya ce, "Ikon Allah ne, ɗana. Matsa daga bakin rami." Gaskiya ya faɗa mini. Sai dai Allah kan yi abinsa da sababi, sababin wannan rairayi kuwa iska ce. Tuddan da muke shuka hatsi da wake a kansu tsofaffin tuddan hamada ne, irin waɗanda ke yawo yau a Tenere, ciyawa da itatuwa suka danne su har suka kwanta. Tun 1958 wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya bi sawunsu ya nuna sun miƙe har cikin ƙasar Kano. Wato akwai lokacin da Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, ta haɗiye inda Maradi take a yau.

Babban motsin da suka yi na ƙarshe ya faɗo ne tsakanin shekara 20,000 da 12,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara mai kaurin kilomita uku ke zaune a kan Kanada. To me ya haɗa ƙanƙarar Kanada da gonar Baba, mu da teku mafi kusa da mu yake wajen kilomita 800? Ruwan tekun Atilantika ne ya haɗa su, da zafin da yake ɗauka daga yankinmu ya kai tekunan ƙarshen arewa. Idan wannan jigila ta yi ƙarfi ko ta yi rauni, damina tana ji a jikinta.

Rana ba ta raba haskenta daidai. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya kan kai take tsaya mana, muna samun fiye da abin da muke mayarwa sama. Can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu a kwance haskenta ke zuwa, wasu watanni ma ba ta leƙowa, asararsu ta fi samunsu. Abu biyu ke kwasar rarar nan su kai inda ake gibi: iska da ruwan teku. Idan an yi nisa da tsakiya iska ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka, amma ita mai gaggawa ce, ba ta riƙe abu. Ruwa ne mai riƙo. Ka bar bokitin ruwa a tsakar gida a watan Afrilu, bayan isha ƙofar ƙarfe ta huce sarai, amma ka sa hannu a bokitin ka ji yana nan da ɗuminsa. Mita uku kacal na saman teku na iya riƙe zafi daidai da dukan iskar da ta lulluɓe duniya, zurfin teku kuwa a tsaka-tsaki ya kusa kilomita huɗu.

A 1751 wani Bature mai suna Henry Ellis ya zura guga mai murfi cikin Atilantika, a yankin zafi yamma da gaɓar Afirka, da igiyar da ta haura mita 1,500. Ruwan saman teku ɗumi kamar na bokitin nan, wanda gugan ya fito da shi kuwa sanyi ƙarara. Shi murnarsa ya sami abin sanyaya abin shansa. Ba zan wuce ban faɗi irin jirgin ba: na fataucin bayi ne, mutanen nahiyarmu ne kayansa, kuma wannan yana yi mini nauyi duk lokacin da na karanta tarihin ilimin teku. Sai a 1797 wani masanin kimiyya, Count Rumford, ya warware abin da gugan ya nuna. Ya ce wannan sanyi ba a nan aka haife shi ba, daga ƙarshen duniya ya gangaro ta ƙarƙashi, kuma in ruwan sanyi na gangarowa ta ƙasa, tilas akwai mai ɗumi da ke haurawa ta sama yana maye gurbinsa.

Haka kuwa abin yake. Ruwan ɗumi na taruwa a yankin Karibiyan, ya kutsa tsakanin Fulorida da Bahamas, ya bi gaɓar Amurka, sannan ya karkata gabas ya tsallaka teku. Wani reshe ya wuce tsakanin Sikotilan da Aisilan ya bi gaɓar Norwe, har ya shiga tekun Aktik ta mashigin da ke tsakanin Girinlan da tsibiran Sibalbad. Duk inda ya bi yana sakin zafinsa ga iska. Shi ya sa tashar jiragen ruwa ta Murmansk a Rasha, da ke can bisa digiri 69 arewa, ba ta daskarewa, alhali mashigin Hudson na Kanada, wanda ke kudu da ita nesa ba kusa ba, rufe yake da ƙanƙara rabin shekara.

Inda maganar take shi ne abin da ke faruwa bayan ruwan ya sauke kayansa. Yana nutsewa. Sanyi na ƙara masa nauyi, amma sanyi kaɗai bai isa ba sai da gishiri. Yaran da nake koyarwa a lakkwal kan buɗe baki idan na jefa ƙwai a kofin ruwa ya tafi ƙasa, na barbaɗa gishiri na motsa, sai ga ƙwan ya taso yana lilo a sama. Ƙwan yana nan yadda yake, ruwan ne ya yi nauyi. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35, na Atilantika kuwa ya ɗara haka, domin iskar gabas, 'yar uwar wadda ke busar mana da leɓe da hunturu, tana zuƙe ruwan samansa ta tsallaka da shi siririyar ƙasar Panama ta zubar a Fasifik, ta bar gishirin a baya. Wannan ruwa mai gishiri, idan sanyin tekun Girinlan da na Labarado ya kama shi, sai ya fi na ƙarƙashinsa nauyi, ya nutse kilomita biyu zuwa uku, ya juya ya nufo kudu a cikin duhu. Ɗan uwansa ne gugan Ellis ya taɓo. A arewacin Fasifik ba a yin haka, saboda ruwan can ya cika salam.

Turawa na kiran wannan zagaye AMOC a taƙaice. Wallace Broecker, masanin da ya yaɗa maganarsa a 1987, ya kwatanta shi da bel ɗin jigilar kaya a masana'anta. Ni na fi ganinsa kamar layin gingimari a wurin sauke kaya: muddin ta gaba ba ta sauke ta juya ba, na baya ba su da wurin shiga, layi ya tsaya har inda ido bai kai ba. Ba nutsewar kaɗai ke jan layin ba, iska ma na da nata hannu, musamman mai ƙarfin nan da ke kaɗawa kewayen Antatika tana jawo ruwan ƙasa zuwa sama. Amma a arewa, wurin nutsewa, nan ne igiyar ta fi saurin tsinkewa. Tun 2004 aka jera na'urori a cikin teku daga Bahamas zuwa gaɓar Maroko, bisa digiri 26 arewa, suna awo dare da rana. Abin da suka nuna shi ne ruwan da ke wannan zagaye ya kai kubik mita miliyan 17 a daƙiƙa guda, fiye da sau goma na dukan kogunan duniya a haɗe, da Kwara da Nilu da Amazon duka. Zafin da yake ɗauke da shi ya ninka dukan makamashin da bil'adama ke ƙonawa fiye da sau 50.

Ga inda abin ya fara shafarmu. A sauran tekuna zafi daga tsakiya yake tashi, wani ya yi arewa wani ya yi kudu. Atilantika daban yake: har daga kudancin duniya arewa yake kai zafi, yana ɗiban na kudu yana ƙara wa arewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa rabin duniya na arewa ya ɗan fi na kudu ɗumi. Ɗamarar ruwan sama kuwa, wadda ke haurowa mana a Yuni ta koma a ƙarshen Satumba, ɓangaren da ya fi ɗumi take bi. Mu kuma a bakin tabarma muke zaune. Maradi na samun wajen milimita 500 a shekara. Gangara Ɗan Isa ka ga yadda dawa ke tsayawa, haura Dakoro ka ga yadda hatsi ke fama, alhali tafiyar 'yan awoyi ce a mota. Ja da baya kaɗan na wannan ɗamara ya isa ya mai da Maradi Dakoro, ya mai da Dakoro hamada.

Zamanin ƙanƙara ba sau ɗaya aka yi shi ba. Shekara miliyan 2.6 ke nan ƙanƙara na zuwa tana komawa, da farko duk shekara 41,000, daga wajen shekara miliyan ɗaya baya kuma duk shekara 100,000. Mai kaɗa gangar ita ce tafiyar duniya kanta. Karkatarta na sauyawa tsakanin digiri 22 da 24 da rabi, da'irar da take bi kewayen rana na miƙewa tana komawa, lokacin da take kusantar rana a shekara shi ma yana zagayawa duk wajen shekara 21,000. Milutin Milankovitch, ɗan Sabiya, shi ya zauna da alƙalami ya yi lissafin, ya ce sirrin na ga lokacin zafi na ƙasashen arewa: in ya zo da rauni har ƙanƙarar bara ba ta narke ba ta bana ta hau kanta, to an fara. A 1976 wasu masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, suka ga waɗannan lambobi nasa a rubuce cikin lakar ƙasan teku. Amma sauyin hasken kaɗan ne, bai isa shi kaɗai ya sauke ruwan teku da mita 120 ba, har a taka da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila kamar yadda aka yi shekara 21,000 baya. Sai da masu ƙara wa miya gishiri: farin ƙanƙara mai mayar da haske sama, iskar kabon da ta sauka zuwa wajen kashi 190 cikin miliyan daga 280, da kuma teku.

Yadda aka san wannan duka ya cancanci a ɗan tsaya. A saman teku akwai wasu halittu ƙanana kamar ƙwayar rairayi, masu ɓawo. In sun mutu ɓawon ya sauka ƙasa, ya taru santimita kaɗan a shekara dubu. Jirgi ya soka bututu ya zaro lakar, a yanka ta kamar alkaki, a karanta daga sama zuwa ƙasa. Akwai irin da ɓawonsa ke murɗawa hagu, shi ruwan ƙanƙara yake so, in ka gan shi ya cika wani sashe ka san sanyi ya mamaye wurin a lokacin. Sinadaran ɓawon kuma na faɗin ɗumin ruwan da halittar ta rayu a ciki. Littafi na biyu ƙanƙara ce. A farkon shekarun 1990 an huda ta Girinlan kilomita uku, shekara bisa shekara a jere. Ta Antatika ta haura shekara 800,000, da kumfar iskar kowane zamani a kulle cikinta.

Abu na farko da lakar ta koyar ya saɓa wa zato. Mutum zai ce ai tsayawar ruwan ɗumi ce ke fara zamanin ƙanƙara. Amma sanyi ba ya gina ƙanƙara sai da danshi, kamar yadda ɗarin Janairu, duk tsananinsa, bai taɓa jiƙa mana ƙasa ba. Gabashin Saiberiya da tsakiyar Alaska sun fi ko'ina sanyi a wancan zamani, amma tudun ƙanƙara bai rufe su ba, don ba abin da zai zubo. Wajen shekara 115,000 baya, da ƙanƙarar ƙarshe ta fara taruwa, arewacin Atilantika ya daɗe da ɗuminsa alhali ƙasa na sanyaya, tururinsa ya riƙa sauka a matsayin ƙanƙara kan Kanada da Turai. Ko a tsakiyar tsananin, an ga alamar cewa wani lokaci ruwan Atilantika na buɗe teku har kusa da Sibalbad. Wato ruwan da ke ɗumama arewa shi ne kuma ya shayar da ƙanƙarar da ta zo ta shaƙe shi.

Da ƙanƙara ta kai maƙura, zagayen bai mutu ba, amma ya sauya kama. Ruwan arewa ya daina kaiwa can ƙasa, ya tsaya wajen mita 2,000, ƙasan kuma ruwan Antatika mai tsananin sanyi da gishiri ya cika shi ya kwanta. A wannan rumbu ne aka ɓoye kaso mai yawa na kabon ɗin da ya ɓace daga iska. Kan ƙarfin zagayen a lokacin har yau masana na ja-in-ja, kan raguwar zurfinsa kuwa bakinsu ya fi zuwa ɗaya.

Abin da ya girgiza kowa shi ne na biyu. An ɗauka zamanin ƙanƙara dogon sanyi ne shiru. Ƙanƙarar Girinlan ta nuna wajen sau 25 ana cikin sanyi sai zafi ya yi tsalle da digiri 8 zuwa 16, cikin shekarun da ba su kai rayuwar mutum guda ba, ya ɗan zauna, ya riƙa sauka a hankali, sannan ya faɗa. Ana kiran waɗannan tsalle-tsalle da sunan Willi Dansgaard na Danmak da Hans Oeschger na Siwizalan. Tafiyar duniya ba ta da irin wannan sauri. Teku ne.

A nan nake son mai karatu ya tuna da miyar da aka cika wa man gyaɗa. Ka gan ta a kwano ba tururi, ka ɗauka ta huce, ka kai loma ta ƙona maka harshe. Man da ke sama ne ya rufe zafin. Haka ruwan salam ke yi wa teku: ba shi da nauyi, sai ya kwanta a sama, ya daskare da wuri, ya zama murfi. Fridtjof Nansen, wani mai bincike ɗan Norwe, ya ga haka da idonsa a tafiyarsa ta 1893 zuwa 1896 cikin Aktik, inda ya tarar da ruwan Atilantika mai ɗumi da gishiri kwance ƙarƙashin ruwa mai sanyi maras gishiri sosai. Lakar tekun Norwe ta nuna a lokutan tsananin sanyin nan ruwan ɗumi bai daina shiga ba ɗungum, ta ƙarƙashin murfi yake kutsawa, har ruwan tsakiya ya fi na yau ɗumi alhali sama na daskare. Zafi ya yi ta taruwa shekara ɗaruruwa. Ran da murfin ya fashe, ƙanƙarar saman teku ta janye, zafin ya fito gaba ɗaya, Girinlan ta yi tsalle. Wannan bayani, a ganina, shi ya fi dacewa da saurin abin, domin janyewar murfi ba ta buƙatar ƙarni.

Ɗumin da ke ɓoye a ƙasa yana da wata ɓarnar. Yana lasar gindin ƙanƙarar da ta gangaro daga tudu ta shiga teku. A 1988 Hartmut Heinrich na Jamus ya ga sashe shida a lakar Atilantika cike da tsakuwa, a tsakiyar teku inda ba kogin da zai kai ta. Da aka bi asalinta, yawancinta daga yankin Hudson ta fito. Duwatsun ƙanƙara ne suka ɓalle ayari-ayari, suka yi ta yawo suna narkewa suna zubar da tsakuwar da suka kankaro. Ruwan da suka narke kuwa salam ne, ƙarin mai a kan miya. A irin waɗannan lokuta ne layin gingimari ya fi tsayawa. Binciken da Jerry McManus da abokansa suka fitar a 2004, daga laka kusa da Bamuda, ya nuna wajen shekara 17,500 baya zagayen ya kusa tsayawa cak, bai farfaɗo ba sai shekara 14,700 baya.

Zafin da bai je arewa ba ai bai ɓace ba, a kudu yake zama. Da aka jera ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika aka ga suna yi kamar sikelin mai awo: wannan tafi ya sauka, wancan ya hau. Duk lokacin da Girinlan ta faɗa sanyi, Antatika na ɗumama a hankali. A 2015 aka auna cewa kudu kan makara da wajen shekara 200 kafin ta amsa, jinkirin da ke nuna ta ruwa saƙon ke tafiya, da ta iska ne da bai wuce 'yan shekaru ba. Antatika na da ganuwarta, igiyar ruwa mafi girma a duniya da ke zagaye ta tana tare ruwan ɗumi, shi ya sa zafi ba ya kai mata da sauƙi. Amma da kudu ta ɗumama a ƙarshen zamanin, rumbun nan na ƙasan teku ya buɗe, kabon ya fito, duniya duka ta ɗau zafi. Tsayawar da ta daskarar da arewa tana cikin abin da ya kawo ƙarshen ƙanƙarar baki ɗaya.

Mu kuma fa? Arewa ta yi sanyi, kudu ta yi ɗumi, ɗamarar ruwa ta bi ɗumi ta ƙi haurowa. A 2008 Stefan Mulitza da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon lakar da aka zaro daura da bakin kogin Senegal, mai tarihin shekara 57,000. Duk inda sashen tsakuwar Heinrich ya faɗo a arewa, a nan lakar kogi ta ragu, ƙurar hamada ta ƙaru. Fari ne na ɗaruruwan shekaru, wani ya haura dubu. A na shekara 17,000 zuwa 16,000 baya tafkin Biktoriya, mafi girma a Afirka, ƙafewa ya yi, haka tafkin Tana na Habasha inda Shuɗin Nilu ke fitowa. Mu da muka san abin da damina biyu marasa kyau a jere ke yi wa rumbu da garke, wannan lissafi ba ya shiga kai da sauƙi. A irin waɗannan ƙarnuka ne iska ta yi ta tara rairayin da gugan Baba ya fito da shi.

Da zagayen ya dawo, ruwa ya dawo. Ya sake yankewa tsakanin shekara 12,900 da 11,700 baya, lokacin da Turai ta koma sanyi bayan ta fara sakin jiki, tafkunan Afirka suka sake ja da baya. Daga nan sai babbar ni'ima. A nan dole in yi adalci: ba teku ne ya kawo koren Sahara ba, tafiyar duniya ce, domin a lokacin tana kusantar rana ne daidai da daminarmu, hasken ya fi na yau da wajen kashi 7 cikin 100, iskar damina ta yi ƙarfi ta kutsa can arewa. Aikin teku shi ne buɗe ƙofa ko rufe ta. Da ya buɗe, tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, fiye da rubu'in Nijar. A Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi na haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita biyar. A Gobero cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya gano makabarta a 2000, mutane sun zauna bakin tafki suna kamun manyan kifaye. Zamansu ya yanke wajen shekara 8,200 baya, daidai lokacin da wani ƙaton tafkin narkakkiyar ƙanƙara a Kanada ya fashe ya kwarara cikin Atilantika. Sanyin da wannan ya jawo bai wuce shekara 150 da ɗoriya ba, Gobero kuwa ta yi kusan dubu ba kowa, don haka ba shi kaɗai ba ne dalili, amma faɗuwar ta zo daidai da zama.

Wannan tsohon tafkin Cadi har yau yana zuwa mana gida. Farar ƙurar da ke kwanciya kan tebur da gashin ido a watan Disamba, mai laushi kamar garin alkama, da yawanta daga kwarin Bodele take a arewacin Cadi, ɓawon ƙananan halittun da suka rayu a ruwan ne iska ke niƙawa ta kawo. Nakan sa yara su shafa yatsa a kan benci su duba. Gulbin Kaba ma shaida ne, kwari mai faɗin da ya fi ƙarfin ɗan ruwan da ke bi ta cikinsa yanzu.

Iyayenmu sun ɗanɗani ƙaramin samfurin wannan. Farin 1973 da na 1984 an daɗe ana ɗora wa manomi da makiyayi laifinsu, wai sun sare itace sun cinye ciyawa. A 1986 Chris Folland da abokansa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna shekarun farin Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi idan aka gwada da na kudu. Bincike na baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai tare hasken rana, na da hannu a wannan sanyi. Da arewacin Atilantika ya sake ɗumama daga shekarun 1990, ruwa ya ɗan dawo. Bambancin bai kai digiri ɗaya ba, amma a Maradi an san gidajen da suka watse a kansa.

Yau Girinlan na asarar ƙanƙara wajen tan biliyan 270 a shekara, duka ruwan salam, kuma a bakin wurin nutsewa yake zuba. Kudu da ita akwai wani yanki na teku da ya ƙi ɗumama alhali ko'ina na ɗumama. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 da wuya zagayen bai yi rauni a wannan ƙarni ba, amma yana da matsakaicin tabbaci cewa ba zai rushe farat ɗaya kafin 2100 ba. Wasu masana na ganin haɗarin ya fi haka kusa, wasu na ganin an zuzuta. Awon kai tsaye shekara ashirin ne da 'yan kai, a ciki ma an ga ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a 2009 zuwa 2010 ya kuma tashi, don haka gajeren awo ba ya yanke hukunci. Duniyar yau ma ba ta da tudun ƙanƙara a Kanada, kabon kuwa ya haura kashi 420 cikin miliyan, abin da ba a gani ba cikin shekara 800,000 ɗin nan. Ba na tare da masu sa ranar rushewa, ba na kuma tare da masu cewa ba komai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ba da labarin. Duk lokacin da maganar ta taso a rediyo ko intanet, sanyin Landan da Faris ake lissafawa. Mai gidan da ke da wuta da rumbun ƙasa zai sayi bargo. Lakar bakin kogin Senegal ta riga ta faɗi wanda ke biyan kuɗi mafi tsada idan layin ya tsaya, mai gona ne a jigawa wanda abincin shekararsa ke rataye da wata uku na ruwa. Ina so in ga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun ɗauki wannan a matsayin ilimin gida, su haƙa lakar tafkin Madarumfa da tuddan Mayahi su karanta da kansu, kada a bar wa baƙi.

Tuddan nan kuwa barci suke, ba mutuwa suka yi ba. Na bi hanyar Difa na ga yadda suka farka tsakanin Gure da Maine Sorowa tun bayan farin shekarun 1970, rairayi ya gangaro ya hau kan kwaruruka masu dabino da goruba. Mutanen wurin na kafa shingen rassa murabba'i-murabba'i a bisa tudu, su dasa itace a tsakiya, su yi ta ban ruwa da bido har saiwa ta kama. Na tsaya na dumbuzi rairayin wurin. Ya fi namu haske kaɗan, amma laushin ɗaya ne da wanda na riƙe a bakin rijiyar Baba.